Neman Izinin Mai Gona a Bukuru

Makon jiya na ɗauki na'urar gano ƙarfe na nufi wata gona a gefen Bukuru, kusa da tsofaffin ramukan kuza, ina fatan tsintar anini ko kwabo mai huji. Ban shiga kai tsaye ba, sai da mai unguwa ya haɗa ni da mai gonar.

Dattijon ya daɗe yana kallon na'urar, sannan ya ce, "Yaro, idan ma'adini kake nema ka koma, haƙar kuza ta riga ta cinye mana ƙasa." Ban ga laifinsa ba, domin duk wanda ya ga kududdufan nan ya san dalilinsa. Na ce, "Baba, tonon ba zai wuce tsawon tafin hannu ba, kuma zan mayar da ƙasar."

Na ƙara da cewa idan kayan tarihi suka fito, za mu sanar da Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, tunda doka ta hana tono su ba tare da izinin hukuma ba. Ya amince, bisa sharaɗin in jira a cire dankali, kuma ɗansa ya raka ni.