Tarihin Rayuwar William Maxwell na Nithsdale, Kashi na 4: Daren 23 ga Fabrairu

A makon jiya mun tsaya inda aka kama William Maxwell a garin Preston a Nuwamba 1715, bayan an ci masu boren son mayar da gidan Stuart kan mulkin Birtaniya da yaƙi a can. Shi ne na biyar da ya riƙe sarautar Nithsdale a kudancin Sikotilan, kuma ɗan Katolika ne, abin da a wancan zamani ya isa laifi. Aka tsare shi a Hasumiyar Landan, Majalisar Dattawa ta yanke masa hukuncin kisa, aka sa ranar 24 ga Fabrairu 1716.

Uwargidansa Winifred Herbert ta baro gidansu na Terregles, kusa da Dumfries, a tsakiyar hunturu. Kafin ta fita sai da ta binne takardun filayen gidan a lambu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Ƙanƙara ta toshe hanya har keken doki ya kasa wucewa, ta hau doki ita da mai yi mata hidima, Cecilia Evans. A Landan ta kai kuka gaban Sarki George na Ɗaya, ta durƙusa ta kama gefen rigarsa, ya yi ta tafiya yana jan ta a ƙasa, bai karɓi takardar koken ba. Daga nan ta daina sa rai da afuwa.

Dabarar da ta ƙulla ba ta da igiya, ba ta da tsani. Lissafin masu gadi kawai ta so ta rikita: mata nawa suka shiga, nawa suka fita. Baƙo ɗaya ake bari ta shiga da shi a lokaci guda, don haka ta nemo mata biyu. Ta farko, matar Morgan, doguwa ce siririya, wadda za ta iya saka mayafi biyu ba a gane ba. Ta biyu, matar Mills, uwar gidan da Winifred ta sauka, doguwa ce ga juna biyu, jikinta ya yi kusan na William. Ba ta gaya musu ba sai da yammacin ranar, suna cikin keken doki tana ta zuba don kada su sami sukunin tunani. Da an ba su kwana guda, da wuya su yarda.

Matar Morgan ta fara shiga, ta tuɓe mayafin da ta ɓoyo, ta fita. Sai matar Mills ta shigo da hankici a fuska tana sharɓar kuka, kamar mai zuwa ban kwana. A ɗaki ta cire nata mayafin ta bar wa William, ta sa wanda aka kawo, ta fita fuska a sake ba hawaye. Ke nan a idon masu gadi, mai kukan nan har yanzu tana ciki.

A nan aikin ya yi wuya. Girar William baƙa ce mai kauri, ta matar Mills kuwa ja-ja ce. Winifred ta zo da fenti ta shafe girar, ta ɗora masa gashin kanti mai launin na matar. Lokacin aske gemu ya ƙure, sai ta lafta masa farar hoda da jan kumatu. Ta tuɓe siket ɗin cikinta duka ta sa masa, ta bar ɗaya kacal. Duhu ya fara, kuma da an kunna kyandir asiri ya tonu, don hoda ba ta ɓoye gemu a gaban haske. Ta riƙo hannunsa suka fito, hankici a idonsa, tana kiransa Betty, tana roƙon ta gaggauta kirawo Evans. Abin da ya fi tayar mata da hankali takunsa ne. Namiji ko ya ɗaura zane, tafiyarsa ta maza ce. Sai ta sa shi gaba ta manne a bayansa, ta tare wa mai gadi gani. Evans na jira a ƙasan matakala.

Masu gadin ma an riga an sassauta su: ta raba musu ɗan kuɗin shan giya da labarin cewa akwai alamar afuwa. Kaɗan ta bayar, don mai yawa zai jawo zargi.

Wata da ta bi mijinta ta gudu. Ita komawa ta yi cikin ɗakin da ba kowa, tana kai da komo, tana magana da muryarta tana amsawa da irin tasa. Da ta kintata sun yi nisa, ta janye zaren sakata ciki yadda ƙofar ba ta buɗuwa daga waje, ta ce wa bara kada ya kai kyandir, maigida yana addu'a.

Washegari aka fille kan abokan borensa biyu, Derwentwater da Kenmure. William ya ɓuya a wani ɗan ɗakin sama na talakawa, sannan ya sa kayan barorin jakadan Jamhuriyar Benis ya bi kekensa zuwa tashar jiragen ruwa ta Dover, ya haye Kale ta Faransa.

Saura takardun lambu. Tun 1712 William ya mallaka wa ɗansa filayen, ya bar wa kansa cin amfaninsu kawai iya rayuwarsa. In takardun suka ɓace, gwamnati za ta iya haɗiye komai. Mako mai zuwa za mu bi Winifred zuwa Terregles, ana nemanta ruwa a jallo, ta je tono su.