Kofin ruwan da ya nuna mini maƙoƙo

A shekarata ta biyu a sashen masu ɗauke da HIV, wata mata ta dawo mana a rame, hannunta na rawa, tana gumi sharkaf cikin hunturu. Shekara ɗaya da rabi tana shan magani ba fashi, ƙwayar cutar ta kwanta, CD4 ɗinta, wato adadin ƙwayoyin garkuwar jikinta, ya hau. Ni dai tarin fuka na sa a raina, don shi muka saba gani. Sau biyu ina tura kakinta gwaji, babu komai.

Babban likitanmu ya miƙa mata kofin ruwa ya ce, "Malama, kurɓi ki haɗiye a hankali." Idonsa na kan wuyanta. Sai ga ɗan maƙoƙo yana hawa yana sauka. Cutar Graves ce: garkuwar jikin da muka yi ta murnar farfaɗowarta ita ce ta juyo kan mai ita, ta afka wa halittar thyroid da ke wuya, ta sa ta kumbura tana aiki fiye da kima. Kunya ta kama ni, don ban taɓa duba wuyan ba.

Na tambaye shi, "Ranka ya daɗe, me ya sa ita, ga ɗaruruwa suna shan magani iri ɗaya?" Ya ce in je in karanta HLA, ƙwayoyin gadon da ke koya wa garkuwa bambance ɗan gida da baƙo.

Karatun ya rikita ni. HLA-B27 na cikin waɗanda ke taimaka wa jiki danne HIV shekaru da dama, kuma shi ne aka alaƙanta da ciwon da ke sandarar da ƙashin baya. HLA-B57 ma gwanin danne cutar ne, amma wani nau'insa ke sa maganin HIV mai suna abacavir ya tayar wa mutum da zazzaɓi da ƙuraje, shi ya sa tun 2008 ake ba da shawarar a gwada ko mutum na da wannan nau'in kafin ya fara maganin.

Sai dai akasarin wannan ilimi a jikin Turawa aka samo shi. A Gambiya an tarar da B27 a tsakanin Fulani, amma ciwon bayan da wuya a gan shi. A Zambiya kuwa amosanin gaɓɓai ya yawaita bayan zuwan HIV, a mutanen da ba su da B27 ɗin sam.

Matar ta murmure da maganin maƙoƙo, ba mu canja mata na HIV ba. Yanzu duk wanda ya zo mini a rame alhali gwajinsa na da kyau, sai na taɓa wuyansa, na ƙirga bugun zuciyarsa, na kuma tambaye shi ko akwai mai maƙoƙo a danginsu.