Daren jiya nun ya zauna

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu fama da alƙalami da tawada. Na kwana biyu ban kawo muku labarin inda na tsaya a koyon khaɗɗi, wato kyakkyawan rubutun Larabci, ba, kuma ba hidimar shago kaɗai ta riƙe ni ba, har da fushi. To jiya bayan sallar isha'i na dawo ɗaki, na ɗora takarda a gwiwa, na ja harafin nun sau bakwai a saɗara ɗaya, biyar suka zauna daram. Faɗin kwanon ɗigo uku cif na bakin alƙalami, wanda da shi muke auna harafi, ƙasansa ya cika, wutsiyar ta tashi siririya ba ta karye a hanya ba. Na ajiye alƙalamin na yi ta kallon takardar har abokin ɗakina ya ce, "Malam, lafiya kuwa?" Wata huɗu da 'yan kwanaki ina bin harafin nan. Rabona da jin daɗi irin wannan tun ranar da na sauke Alƙur'ani a garinmu.

Waɗanda muka faro tare sun san lissafin da na yi a watan Muharram, lokacin da alhazai suka watse kasuwar dabino ta lafa. Na ce wata ɗaya na haruffa ɗaiɗai a Naskhi, salon rubutun da aka saba gani a mus'hafi, wata biyu na haɗa su, kafin azumi in rubuta Fatiha a takarda mai kyau in aika wa Inna. Alif da ba da dal ba su ba ni wuya sosai ba. Da na iso sin, sai malamina Baba ya dakatar da ni, ya ce in tsallake in je in gyara nun tukuna, domin kwanon sin da na sadi daga jikinsa aka ɗebo su, wanda bai iya shi ba zai yi ta maimaita kuskure ɗaya ne a haruffa da yawa. Daga nan lissafin watanni ya watse. Yanzu ban ma san ko a mataki na nawa nake ba.

Ga wanda bai san Baba ba, dattijo ne haifaffen Makka, kakanninsa a ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa, suka ratsa Sudan suka ƙetaro teku. Ya yi shekaru yana rubuta allunan shaguna da hannu a nan Madina kafin kwamfuta ta karɓe sana'ar. Duk Juma'a bayan la'asar nake kai masa abin da na rubuta, ya sa jar tawada ya gyara.

Matsalar nun ɗina a gindin kwano take. Idan na sauko daga kai, sai kaurin ya zo da wuri, tun kafin in kai ƙasa, gefen dama ya yi nauyi, sannan a daidai inda ya kamata ya cika sai ya rame, ya yi kusurwa kamar an murɗe shi. Wani lokaci wutsiyar ta fito da kauri ɗaya da ciki. Na auna da ɗigo, awon yana fitowa daidai, amma harafin ba shi da rai. Kun san ciwon wannan: ma'aunin da aka gada tun daga Ibn Muƙla, gwanin rubutun nan da ya rasu a shekara ta 940 miladiyya, zai gaya maka faɗi da zurfi, amma ba zai riƙe maka hannu a lanƙwasa ba.

Da farko na ɗora laifin a kan tawada. Na sayi wata kwalba riyal 45. Na canza zaren silikin da ke cikin kurtun. Daga baya na ce takardar nan mai santsi da muke atisaye a kanta ce take zame mini da alƙalami, na je na sayo muƙahhara, wadda aka shafe da sitaci da farin ƙwai aka goge, falle uku riyal 90. Cikin dare biyu na ɓata su duka. Kuɗin nan sun yi mini ciwo ƙwarai, domin daga cikin abin da nake aikawa gida na tsakuro su. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Da abin da zan zarga ya ƙare, sai na juyo kan kaina, kuma nan ne ɓarnar ta fi yawa. Ni ɗan tsangaya ne. Shekara tara ina rubutu a allo da alƙalamin gamba, rubutunmu na Warshu mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe, fa da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, nun ara mai faffaɗan ciki da ake sakin hannu a ja shi. Sai na fara gaya wa kaina cewa hannuna ya riga ya bushe a kan wancan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na haura talatin. Kullum na zauna, kafin in tsoma alƙalami zuciyata ta riga ta yanke cewa yau ma ba zai yi ba. In ja uku, in ga sun karkace, in kekketa takardar.

Zama a Madina ma ya ƙara mini nauyin abin. Ka shiga Masallacin Annabi ta ƙofar Babus Salam ka ɗaga kai, ga rubutun Abdullahi Zuhdi a salon Sulusi mai manyan haruffa a bangon alƙibla, tun zamanin Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya Abdulmajid yake nan yana kallon mutane. Ka ɗauki mus'hafi a kan kanta, rubutun hannun Usman Ɗaha ne, wanda ma'aikatar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad da aka buɗe a 1984 take bugawa a garin nan, shafi 604, saɗara 15 a shafi. Na taɓa zama bayan asuba, maimakon in yi karatu sai na shiga bin nun ɗaya bayan ɗaya a shafi guda, kowane kamar ɗan'uwansa. Na rufe na fito jikina a sanyaye. Abin da ya kamata ya ƙara mini sha'awa shi na mayar bulalar dukan kaina. Daga ranar na naɗe kayan na cusa ƙarƙashin gado, kwana 19 ban taɓa su ba, Juma'a biyu ban je wurin Baba ba.

Shi ya biyo ni har shago. Ya zauna a kan kwalin dabinon safawi, ya jira na sallami masu saye, ya ce, "Ɗana, ina takardun?" Na ce masa na yayyaga su, kuma ni dai ina ganin hannun allo ba zai yi Naskhi ba. Bai yi dariya ba, bai kuma lallashe ni ba. Ransa ne ya ɓaci. Ya ce baki shi ke yanka wuya, wa ya ba ni izinin yanke wa hannuna hukunci alhali shi malamin bai yanke ba? Ya tuna mini hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kyakkyawan fata yana burge shi, kuma da aka tambaye shi mene ne shi sai ya ce kalma mai daɗi. Ya ce ni kuwa kullum mummunar kalma nake karyawa da ita kafin in fara aiki.

Sharaɗi uku ya gindaya mini kafin ya tashi. Kada in ƙara yaga takarda, ko da kuwa ta fi komai muni, in rubuta kwanan wata a kusurwarta in adana. A kowane shafi in nemo nun guda ɗaya da ya fi 'yan'uwansa kusa da daidai, in zagaye shi da fensir, neman kuskure kuwa in bar wa jar tawadarsa. Sannan in koma buɗe kowane zama da saɗarar da masu khaɗɗi suka saba farawa da ita, Rabbi yassir wa la tu'assir, Rabbi tammim bil khair, in rubuta ta ina sane da abin da nake roƙo.

Na biyun nan ya fi ba ni wahala, shi ya sa nake so ku ji shi da kyau. Idona ya saba da farautar aibi, har ya zama ba ya ganin komai sai shi. A makon farko sai in yi minti goma ina dube-dube ban sami wanda zan zagaye ba. Amma tunda dole ne, sai na fara lura: wannan kansa ya yi kyau ko da cikinsa ya lalace, wancan wutsiyarsa ta tashi yadda ake so. Da ka zagaye harafi sai ka tambayi kanka, me na yi a wannan da ban yi a sauran ba? A nan na gano cewa waɗanda nake zagayewa kusan duk na farkon saɗara ne, lokacin da hannu bai gaji ba kuma ban fara danne alƙalami ba. Wata da watanni ina kallon munanan ban ga wannan ba.

Kada wani ya ɗauka yaudarar kai ake koya mana. Akwai daren da na zagaye wani don kawai in tashi in kwanta. Ranar Juma'a Baba ya ɗora yatsa a kansa ya ce, "Wannan tausayin kanka ka ji." Ya soke zagayen, ya nuna wani can ƙasa da ban kula da shi ba. Mummunan nun mummuna ne, a wurinsa ba a canza masa suna. Abin da ya hana ni shi ne in tashi daga "wannan harafin bai yi ba" in faɗa "ni ba zan iya ba".

Takardun da na tara kuma suka yi nasu aikin. Da suka kai na kwana 30, na shimfiɗa ta farko da ta ƙarshe a ƙasa gefe da gefe, na ga tazarar da idona. Sai wani abu ya faɗo mini game da allo. A tsangaya kullum wanke rubutu muke yi, na jiya ya tafi, ba ka taɓa ganin hannunka na bara. Ba mu damu ba, domin malam ne yake riƙe da lissafin ci gabanmu, mu namu mu wanke mu sake. Da na zo takarda sai na ci gaba da wankewa ta hanyar yagawa, alhali a ɗakin nan ba ni da mai riƙe mini lissafi sai takardun kansu. Kuma hannun allon da nake zagi, shi ya ba ni juriyar zaman awa biyu a wuri ɗaya ba tare da baya ya dame ni ba. Da yawa daga cikinku kun sha kokawa da wannan, ni ban san shi ba.

Gyaran ƙarshe a bakin alƙalami ya fito, kuma da ban koma wurin Baba ba da har yau ban sani ba. Ya karɓi alƙalamina ya ɗaga shi wajen haske, ya nuna mini a tsagaggen bakinsa haƙori ɗaya ya cinye fiye da ɗaya, alamar a gefe guda nake danna shi. Sannan yankan bakin ya karkace da yawa, irin na Sulusi, alhali Naskhi bai son karkata har haka. Ya ɗora shi a kan ɗan ƙashin da yake yanka a kai, ya sa wuƙa ya datse sau ɗaya, ƙas. Ya ce in ja a gabansa. Ina isa gindin kwano ya riƙe mini wuyan hannu, ya ce, "Ka ji? A nan kake murza shi tsakanin yatsunka." Ashe ina juya alƙalamin ban sani ba, shi ya sa kaurin yake zuwa inda ba a neme shi ba. Ya ce in bar bakin a kusurwar da na fara da ita, in sassauta riƙo, in riƙe numfashi daga kai har ƙasa, kauri zai zo da kansa idan hanya ta juya, sai a wutsiya kaɗai zan ɗaga in ƙarasa da tsini. Mako biyu na yi ina yaƙi da yatsun nan. Akwai dararen da sai na rage gudu har tawada ta kusa bushewa a baki kafin in kai ƙarshe. Jiya suka saki.

Fatihar Inna ba za ta samu kafin azumin bana ba, na riga na gaya mata a waya, ta ce Allah ya yi albarka, ita ba ta gaggawa. Gobe Juma'a zan kai wa Baba saɗarar nan in ji ko biyar ɗin da na gani biyar ne a idonsa. Idan ya yarda, sin zan koma. Harafin ya na ƙarshen kalma yana nan yana jirana, na gwada shi sau biyu a gefen takarda na ga shi ma za mu daɗe tare.

Tambaya ɗaya gare ku, musamman na Makka da Jidda da ke kwana cikin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, kamar mu. Tawadata tana yin kauri a kurtu kafin in gama shafi, ina ɗiga mata ruwan wardi kaɗan-kaɗan, amma idan na wuce ɗigo uku sai ta yi fari-fari a takarda. Wanda ya san yadda yake daidaita tasa ya taimaka mini da bayani.