Ɗinkin Sallah da Ciwon Muƙamuƙina

Ɗinki nake yi a gida, a unguwar Jekadafari cikin garin Gombe, kuma duk mai wannan sana'a ta san yadda makonni biyun ƙarshe kafin Babbar Sallah suke. Atamfa da leshi jibge a kan gado, masu kaya sai aiko yara suke, barci kuwa sai wanda aka sata. Cikin wannan hidimar na fara jin ciwo a gaban kunnena na dama. Da asuba in tashi da muƙamuƙi a ɗaure, in na yi hamma in ji ƙas, kamar an karya tsinke. Ranar da aka soya naman layya na jefa tsoka ɗaya a baki, na kasa taunawa, sai ga hawaye.

Na ɗauka kunne ne, na yi ta ɗiga magani a banza. Goggo ta zo duba ni ta ce, "'Yar nan, haƙori ne, danna kanumfari a wurin." Na danna. Kanumfari kan kwantar da zogin haƙori na ɗan lokaci, amma nawa haƙoran lafiyarsu ƙalau. Ta kawo shawarar a kira wanzami ya yi mini ƙaho, na ba ta haƙuri. Ban yarda a tsaga mini fata dab da kunne a kan ciwon da ba a san tushensa ba, kuma har yau ina ganin daidai na yi.

Bayan Sallah na je wurin likitar haƙori. Ta ɗora yatsunta a gaban kunnuwana ta ce in buɗe baki in rufe, sannan in gwada jera yatsuna uku tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Mai lafiya yakan iya, wato buɗin kusan milimita 40. Ni biyu ne suka shiga, da ƙyar. Ta ce a nan gaɓar da ta haɗa muƙamuƙi da ƙoƙon kai take, da ɗan faifan guringuntsi a tsakani, shi ke yin ƙarar nan idan ya goce. Ciwon ya fi kama mata, musamman 'yan shekara 20 zuwa 40, kuma yawanci yana lafawa ba tare da tiyata ba.

Sai ta tambaye ni, "Malama, yanzu da kike zaune, haƙoranki a haɗe suke?"

A haɗe suke, gam. Ashe haƙoran sama da na ƙasa bai kamata su haɗu ba sai wajen tauna ko haɗiya. Ni kuwa wuni nake a kan keke na datse su, allura a leɓe, da haƙori nake tsinke zare, waya maƙale tsakanin kafaɗa da kunne ina rarrashin mai kaya. Da na ba maigida labari, ya ce ai ya daɗe yana jin ina gurza haƙora cikin barci.

Abin da ya fi ba ni sauƙi shi ne gasa wurin da ruwan ɗumi. Safe da dare nakan tsoma tawul a ruwan ɗumi, in matse, in ɗora a gefen fuska na minti 15, in ya huce in sake tsomawa. Daga nan in lakato man kaɗanya in murza tsokar kumatu, wadda ke tasowa idan mutum ya cije, in haura gefen goshi, a hankali ba da ƙarfi ba. A ganina murzar ce ke aikin, man dai santsi yake ƙarawa. Na yi mako uku a kan kunun gyaɗa, alala, fate da tuwon shinkafa miyar kuɓewa. Aya da rake da kilishi da cingam na ajiye su, ƙanzon da nake so ma na bar wa yara. Hamma in ta zo, sai in tokare haɓa da dunƙulen hannu kada bakin ya wage. Maganin kashe zafi kwana kaɗan na sha, farasitamol kawai, don ina da gyambon ciki kuma irin su ibuprofen suna tayar da shi.

Mafi wuya shi ne daina datse haƙora, tunda ban san lokacin da nake yi ba. Na ɗaura jan ƙyalle a kan keken. Duk sanda idona ya faɗa kansa sai in saki muƙamuƙi, leɓe a rufe, haƙora a rabe, harshe a kwance bayan haƙoran sama. Kwanakin farko na kama kaina a cije fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Na rataya ƙaramin almakashi a wuya don zare, allurai kuma suka koma kan ɗan matashinsu.

Likitar ta ja mini kunne cewa idan baki ya kulle, ko fuska ta kumbura da zazzaɓi, in dawo ba jira. Idan kuwa ciwon muƙamuƙi ya zo tare da nauyin ƙirji, wannan na iya zama zuciya, asibiti za a nufa nan take.

Wajen mako shida yatsuna uku suka shiga. Ƙarar takan dawo jefi-jefi, musamman in aiki ya taru, kuma na yanke shawarar zan koma a auna mini robar da ake sawa a haƙora da dare. Jan ƙyallen yana nan a kan keken, ya fara koɗewa.