Godiya ga waɗanda suka sauya tukunyarsu saboda ni

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan uwa da abokan arziki.

Yau wata shida cif da aka yi mini aikin rage tumbi a Abuja, kuma sai yanzu na samu natsuwar zama in yi godiya yadda ta kamata. Alhamdulillahi. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, da waɗanda suka tako har gida aka ce musu ina kwance, don Allah ku yafe mini.

Ba don kwalliya na je ba. Nauyina ya kai kilo 131, ga ciwon suga, ga hawan jini, kuma shekara uku a kan kujera nake salla saboda gwiwa. Ta ƙananan huji a ciki aka shiga da na'ura mai kyamara, aka cire kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin, abin da aka bar mini siriri ne kamar ayaba. Likitocin da ma'aikatan jinya sun riƙe ni da mutunci, Allah Ya saka musu da alheri. Sai dai tasu hidimar ta 'yan kwanaki ce. Wadda ta ɗauki watanni a madafinmu na Birnin Kebbi aka yi ta.

Duk wanda ya san ni ya san girkin biki ne sana'ata. Na tashi a gidan da in ana son ka, malmala ake ƙara maka. Tuwon shinkafa da miyar sure, masa da man shanu, fura mai sanyi bayan azahar, da su muke gaisawa, da su muke ba juna haƙuri. Mako biyu kafin aikin likita ya hana ni duk wannan, ya ce sai abu mai ruwa-ruwa marar sukari da maiƙo, don hanta ta saɓe. Ita ce ke kwance a kan tumbi, in ta yi kitse ɗaga ta yakan yi wuya lokacin aiki. A waɗannan kwanaki maigida bai taɓa cin tuwo a gabana ba. A zaure yake ci, ya wanke hannu da sabulu, sannan ya shigo ya zauna kusa da ni da kofin ruwan zafi. Ban roƙe shi ba. Baban yara, na gani, kuma ban manta ba.

Bayan aikin, da cokali na fara shan ruwa. Mako biyu na farko ba abin da ke wucewa sai romo. Kawu, daga Argungu kake sa kifi a mota duk mako, tarwaɗa da karfasa, ko sau ɗaya ba ka bari an biya ka ba. Inna kuma ta baro ɗakinta ta tare a nawa. Ina kwance ina hango ta ta ƙofa: ta tafasa kifin da albasa da ɗan gishiri, ta bar shi ya huce, ta bi saman da ludayi tana kwashe mai har sai ba ɗigo ɗaya, ta tace da rariya sau biyu. Matar da ba ta taɓa sauke miya ba tattasai ba attarugu, ga ta tana ɗanɗana romo salam tana cewa, "Sha kaɗan, uwata, ba sauri muke ba." Inna, ba ni da bakin gode miki.

Daga nan aka koma niƙaƙƙen abinci, sannan mai laushi. Mai ba da shawara kan abinci ta ce in nemi giram 60 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a rana, alhali ƙwai ɗaya bai fi giram 6 ba, ni kuma rabinsa ke cika ni. Ƙanwata ce ta ɗauki wannan lissafi a kanta. Ta sayi littafi tana rubutawa: alale marar manja da yawa, kindirmo ba sukari, kifi da aka murje da cokali, kazar da ta dahu har ta saki ƙashi. Ruwa kuma lita ɗaya da rabi, kurɓi-kurɓi, ba a haɗa shi da abinci, sai an jira minti 30. A zafin Kebbi na watan Afrilu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don maƙoshi na son kwankwaɗa, ciki kuma ba ya ɗauka. 'Yata ta fari ta sa ƙararrawa a wayarta, tana bi na da gora daga ɗaki zuwa tsakar gida.

Akwai ranar da nake son in faɗa, saboda surukata. Hajiya, ke ce duk gidan nan aka sani da "ƙara mana, 'yata, ai ba ki ci komai ba". Ranar da aka ba ni izinin taɓa tuwo, da hannunki kika tuƙa. Na yi loma biyu ƙanana, na tauna har suka zama ruwa. Kika ce in ƙara ɗaya, na kasa yi miki musu. Ta ukun ta tsaya mini a ƙirji kamar dutse, zufa ta karyo, na amayar da komai, na zauna ina kuka. Ba ki ce uffan ba, kika ɗauke kwanon. Washegari kika dawo da 'yar tasa irin ta yaye, kika ce daga yau wannan ce tawa, kuma duk wanda ya ce in ƙara, da ke zai yi. Na san abin da ya ci miki ki haɗiye wannan kalma, don da ita kika raini 'ya'yanki duka. Ranar babbar salla, da maƙwabta suka yi ta aiko da soyayyen nama, ke kika tsaya a ƙofa kina karɓa kina godiya kina miƙa wa yara, ni kuma kika dafa mini tsoka ɗaya tun hantsi har ta narke.

Azumi bai yiwu mini ba bana, likita ya hana. Hakan ya dame ni ƙwarai, har sai da malaminmu na Islamiyya ya zaunar da ni ya karanta mini ayoyin Baƙara a kan sauƙin da Allah Ya yi wa marar lafiya. Malam, Allah Ya ƙara ilimi. Mai kitsona ma na gode, da gashi ya fara zuba a wata na huɗu kika riƙa yi mini manyan kalba ba ja, ba ki kai maganar ko'ina ba.

Na ji masu cewa wani ciwo nake ɓoyewa, ko na bi gajeriyar hanya. Maganar ta yi mini zafi, amma na yafe. Mai irin lalurata kuma ya je wurin likita a auna shi tukuna, don wannan aiki ba na kowa ba ne, kuma bayansa akwai shan bitamin da gwajin jini na tsawon rai.

Zuwa yau kilo 34 sun tafi, likita ya rage mini maganin suga, kuma ranar Juma'ar da ta wuce goshina ya taɓa ƙasa a sujada. Na koma madafi, ina ɗanɗana miyar biki a kan harshe kawai.

Asabar mai zuwa bayan la'asar za a yi saukar Alƙur'ani a gida, muna gayyatar kowa. Mai zuwa kada ya wahalar da kansa da katan ɗin lemo, an hana ni mai gas. Akwai tuwon shinkafa, Inna ce za ta yi miyar, wannan karon da attarugunta.