Asabar, fentin Hurricane cikin hazo

Hazo ya sauko sosai yau a Kano, da safe ko bishiyar darbejiyar ƙofar maƙwabcinmu ba a gani da kyau. Mai fenti ba ya son irin wannan rana, domin ƙura tana neman ɗanyen fenti duk inda yake. Amma Asabar kaɗai nake da ita, don haka bayan karin kumallo na yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, na toshe ƙasan ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma, na ajiye babban kwali kusa da hannu don in riƙa kife ɗan jirgin saman robar da nake wa fenti da zarar na ɗaga burushi.

Jirgin da ke kan teburina Hawker Hurricane ne, jirgin yaƙin Ingila, ma'aunin 1/72, wato komai na jikinsa an rage shi sau 72. Na gaskiyar faɗin fukafukansa ya ɗan haura mita 12, nawa kuwa kusan santimita 17 ne, tafin hannu ya ɗauke shi. Haɗa shi ya riga ya ƙare. Gam ɗin wannan aiki narka robar yake yi ya haɗe gefe biyu su zama abu ɗaya, shi ya sa ɗigo guda da bakin tsinken sakace ya isa. Layin da ya rage a tsakiyar gangar jiki na cike shi da foti, na bi da samfefa mai laushi ina tsoma ta a ruwa, har farce ya daina jin gaɓa.

Dalilin da ya sa na zaɓi wannan jirgi shi ne ya taɓa sauka a garinmu. A 1940, bayan Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu kuma Faransa ta faɗi, hanyar Bahar Rum ta zama haɗari ga Ingila. Sai aka koma kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a harhaɗa su a can, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Njamena a yau, su ratsa Jinena da Fashir zuwa Hartum, sannan su bi Kogin Nilu har Masar. Abin da ya buɗe tsakiyar hanyar shi ne gwamnan da Faransa ta naɗa a Chadi, Félix Éboué, ya bi bayan De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a watan Agusta na shekarar. Ayarin farko ya tashi a Satumba. Yawanci Blenheim, wani jirgin yaƙi mai inji biyu, guda ne ke jan gaba, saboda shi ke ɗauke da mai duba taswira, ƙananan na biye da shi. Kafin a daina bin hanyar, dubban jirage sun wuce ta samanmu.

Shi ya sa ƙaramin ƙullutun nan da ke ƙarƙashin hancin jirgin ya fi komai daraja a wurina. Matatar iska ce ta kamfanin Vokes, an ƙara ta ne don kada yashi ya cinye injin jirgin, mai suna Merlin. Ta ɓata wa jirgin kyan fuska, ta rage masa gudu kaɗan, amma ba da ita ba, da injin bai daɗe a wannan yanki ba.

Wajen hantsi na fara da fenti mai launin ruwan ƙasa, na tsinka fentin da tina sosai. Gara a yi shafi siriri a jira ya bushe a sake, da a zuba mai kauri lokaci guda ya binne layukan da masu ƙera robar suka sha wahalar fitarwa. Kore mai duhu ya biyo baya. Aka ɗauke wuta ana cikin haka, na ja teburin zuwa bakin taga, hasken hazo kuwa ba ya da kaifi, ya ma fi nuna gaskiyar launi.

Bayan azahar ɗan yayata ya shigo, yana aji biyu a ƙaramar sakandare. Ya tsaya nesa kamar yadda na saba gaya masa, ya ce, "Kawu, me ya sa bayansa yake da layi-layi, gabansa kuma sumul?" Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai. Na ce masa gaban ƙarfe ne, amma daga bayan kujerar matuƙi zuwa wutsiya yadi ne aka ɗaura a kan bututun ƙarfe da siraran katako, aka shafe shi da wani ruwa mai sa shi ya ɗame. Ya ce, "Yadi, Kawu? A yaƙi?" Na ce harsashi ya kan huda shi ya wuce, a yi faci, jirgi ya koma sama. Na ba shi burushi ya shafa baƙi a farfela. Hannunsa bai yi rawa ba.

Wannan maganar yadin tana da muhimmanci wurin tsufar da jirgi. Ina ganin masu gwaninta da yawa suna watsa ɗigon ruwan azurfa ko'ina don nuna fenti ya ɓare, har a kan wutsiya. Ba na goyon bayan haka. Yadi ba ya ɓarewa ya nuna ƙarfe. Ni a gindin fiffike kaɗai na sa, inda takalmin matuƙi da na makanike ke takawa, sai gefen murfin inji inda ake yawan kwancewa. Saman wutsiya da bayan gangar jiki kuma na shafa fari, kamar yadda aka riƙa yi wa jiragen wannan hanya, ko da wani ya sauka dole a daji masu nema su hango shi daga sama. Na bar farin bai kama sosai ba, koren na ɗan leƙowa ta ƙasa.

Gilashin kujerar matuƙi na manna shi da farin gam irin na kafinta, saboda gam mai ƙarfi yana sa shi ya dushe. Manna tamburan fukafukai sai Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu, bayan na bi jikin da fenti mai sheƙi, in ba haka ba iska za ta maƙale a ƙarƙashinsu su yi fari-fari. Daga nan sai in kankare alli ruwan ƙasa, in bi tayoyi da bakin matatar iska da shi.