Laraba, da tambayar Hajiya

Yau ma ban je Zariya ba. Farfesa ya turo saƙo tun da asuba cewa an ɗaga ganawarmu zuwa mako mai zuwa, sai na yi hamdala na koma cikin bargo, don sanyin Kaduna ya fara shiga ƙashi. Shayi, ƙosan matar bakin layi, ɗan wanki. Auta ta tafi makaranta sanye da safata, ban ma tanka ba.

Wajen ƙarfe 11 na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na buɗe kwamfuta, in taɓa babi na biyu na kundin bincikena. Hajiya na gefe tana gyaran zogale. Ban san a fili nake karatu ba sai da ta ce, "Wai wane ne wannan Makuwan da kike ta kira tun jiya? Bashinki ya ci?"

Sai da na gama dariya sannan na ce mata Bruce McEwen ne, masani a Jami'ar Rockefeller da ke New York, ya rasu a farkon 2020. Shi ne a 1968 ya gano cewa homon ɗin da jiki ke saki idan hankali ya tashi, wanda wasu ƙullutai biyu da ke saman ƙoda ke zubawa cikin jini, yana shiga ƙwaƙwalwa ya kama a hipokampus, ɓangaren da ke taimaka mana riƙe abin da muka gani da wanda muka ji. A jikin ɓeraye ya gani. Kafin nan an fi ɗauka ƙwaƙwalwa ke ba da umarni homon su bi, sai ga shi su ma suna dawowa su taɓa ta har cikin ma'ajiyar tunani.

Don in burge ta, na juya mata kwamfutar ta ga Google Scholar, shafin da ke ƙirga yawan ambaton aikin masana. Na ce, "Hajiya, dubi nan. Sau fiye da 100,000 masu bincike suka ambaci aikinsa." Ni dai lambar nan ta daɗe tana tsorata ni, ni da takardata ɗaya tilo da mutum biyu suka ambata, ɗayan ma ɗan ajinmu ne.

Ko kallon allon ba ta yi ba. "Ba wannan na tambaye ki ba. Wa ya karantar? Ina almajiransa?"

Na ɗan yi sororo. Sai na tuna Robert Sapolsky, wanda ya yi digirin digirgir a ɗakin bincikensa, ya kwashe shekaru yana zuwa dajin Kenya yana ɗibar jinin gwaggon biri don ya ga yadda matsayi a cikin garke ke shafar homon ɗin damuwa, yanzu yana Jami'ar Stanford. Da Elizabeth Gould, da ta yi aiki a ƙarƙashinsa, ta shiga sahun waɗanda suka nuna cewa ƙwaƙwalwar dabbar da ta girma tana iya fitar da sababbin ƙwayoyin halitta. Hajiya ta gyaɗa kai. "To, yanzu kika yi magana. Ya bar baya." Haka take faɗa a kan malamin Baba na Tudun Wada, da muryar nan ɗaya.

Da ta tsaya a nan da na wuni da daɗi. Sai ta ƙara, "Amma batun ɓacin rai na cin mutum, kakata ma ta sani, kuma ba ta taɓa sa ɓera a keji ba."

Na ɗauki zafi, wallahi ban san dalili ba. Na ce sani daban, nunawa daban. A ɗakin bincikensa an riƙa matse ɓeraye cikin wani ɗan abu da ba sa iya motsi, awa 6 kullum har kwana 21, aka duba aka ga rassan ƙwayoyin hipokampus sun tsuke, kamar bishiyar da aka yi wa sassabe. Daga baya, a 1993, ya kawo batun nauyin da ke taruwa a jiki idan damuwa ta ƙi ƙarewa, yau kaɗan gobe kaɗan, har ya fito a hawan jini ko mantuwa.

Hannunta ya tsaya cikin tiren. "Rassan suna sake tohowa?"

Na ce a ƙananan ɓeraye suna dawowa idan aka daina matse su.

"Tsofaffin fa?"

Na ce, "Hajiya, ɓera ne fa, ba mutum ba." Ta ce hakane, ta ci gaba da zogalenta.

Kun san yadda take tun rasuwar Baba. Shekaranjiya sau biyu ta sa gishiri a miya. Ranar Juma'a ta zagaye ɗaki tana neman carbin da ke wuyanta, muka yi ta dariya har da ita. Yau da na tuna ban ji abin dariya a ciki ba.

Babi na biyu bai motsa ba. An ɗauke wuta bayan la'asar, na bar batirin ya mutu. Yaya ya kira daga Kawo kan kuɗin haya, na ce gobe. Bayan isha'i na ji Hajiya daga ɗaki tana tambayar Auta ko ta rufe ƙofar gida, ita kuwa ta rufe da hannunta tun magariba.